Waɗanda Suka Bi Shata Gari-Gari

A wurin dattawan Dutsin-Ma da Kurfi masu son kiɗa, masoyan Alhaji Mamman Shata hawa uku ne. Akwai wanda ya ji shi a rediyo da kaset, wannan kuwa kusan kowa ne. Akwai wanda ya taɓa ganinsa ido da ido, a bikin wani attajiri ko wajen naɗin sarauta. Sannan akwai wanda ya bi shi: ya rufe shago, ko ya bar wa ƙanensa gona, ya hau mota ya nufi Funtua ko Malumfashi ko Kano don kawai ya ji an ce Shata zai yi wasa. Waɗannan na ukun tun asali ba su da yawa, yanzu kuwa saura ƙalilan. A zamaninsu sun sha suna iri-iri, an ce da su 'yan shashanci, an ce marasa aikin yi, an ce masu ɓarnar dukiya. Ni ra'ayina daban ne. A ƙirjin mutanen nan akwai wani kaso na tarihin ƙasar Katsina da ba ya cikin kaset, ba ya cikin littafi, kuma muna zaune ana ta kai shi maƙabarta ɗaya bayan ɗaya.

Na san haka ne saboda a gidanmu akwai irinsu. Kawuna, wan mahaifiyata, tela ne a Kurfi, mutum mai sallah a kan lokaci, mai tsare haƙƙin iyali, wanda ba a taɓa jin ya ci bashin wani ya hana ba. Amma idan labarin wasan Shata ya iso tasha, keken ɗinkinsa ya huta ke nan. A lokacin babu waya a aljihun kowa. Labari a bakin direbobi da 'yan kamasho yake tafiya, wani lokaci kuma a tsinto shi a Rediyon Kaduna. Direban da ya taso daga Funtua zai sauke fasinja a Dutsin-Ma ya ce an ga motar makaɗan Shata ta nufi wuri kaza, kafin la'asar maganar ta kai Kurfi. Sai ka ga mutum huɗu ko biyar sun haɗa kuɗin mota, kowa ya ɗauko rigarsa ta fita kunya. Wani lokaci su tarar da wasan, wani lokaci su isa a ce ai jiya aka yi, ya wuce gaba. Idan kuɗin aljihu ya yarda, sai su ma su wuce gaban.

Na taɓa tambayarsa ina saurayi: "Kawu, tunda ga kaset ɗinsa a gida, me ya sa sai ka sha wannan wahala?" Ya ɗago kai daga kan keke ya ce, "Ɗan nan, abin da ke cikin kaset ya riga ya faru. Ni wanda bai faru ba nake zuwa nema."

Sai da na girma na gane cewa wannan magana bayani ce a kan yadda Shata yake aiki, ba zaƙin baki ba. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya zama ya haddace baiti kafin ya fito fili. Amshi ne kafaffe, shi da kiɗan kalangu. Abin da ke tsakanin amshi da amshi kuwa a nan take yake ƙera shi, gwargwadon wanda ya gani zaune, da wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya noƙe, da abin da ya faru a garin a makon. Shi ya sa Bakandamiya, wadda ita ce kirarin kansa, ba ta da siga guda. Duk wanda ya tara kasakasai ya san wadda ke hannunsa ta bambanta da ta maƙwabcinsa. Waƙar da ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar a gaban sarkin ba za ta zama daidai da wadda ya rera a wani gari ba, inda zai cusa sunayen mutanen wurin. Abin da kamfanonin faifai da gidajen rediyo da talabijin suka ɗauka ɗan kaɗan ne daga abin da ya fito daga bakinsa cikin fiye da shekara hamsin yana waƙa. Sauran ya tafi a iska, in ban da abin da ya maƙale a kunnen wanda yake wurin.

To wa yake wurin? Mai biki yana wurin sau ɗaya. Basarake yana wurin ranar da aka zo gaishe shi. Wanda yake wurin jiya da yau da wata mai zuwa, wanda zai iya ce maka baitin nan ba haka ya faɗe shi a Kankia ba, ko kuma wannan habaicin da wane yake, kuma ga abin da ya haddasa shi, mutum biyu ne kawai: wanda ke cikin ƙungiyar, da masoyin da ke biye da ita.

Ƙungiyar kanta abin kallo ce, kuma kawuna ya fi daɗewa a kan labarinta fiye da labarin Shata. Makaɗan kalangu suna jere, kowa da kalangunsa a hammata yana matsa tsarkiya yana saki, ga mai kuntukuru yana riƙe da ƙaramin sauti, su ne kuma 'yan amshi. Ga maroƙa masu shelar kyauta, waɗanda in an ba da riga ko kuɗi ko doki ko mota sai sun tabbatar duk fili ya ji sunan mai bayarwa da na ubansa. Masoyi na gaske ya san su da fuska da suna, ya san wanda hannunsa ya fi zaƙi, ya san ranar da aka canza wani. Ya san inda suke sauka, ya san mai shayin da suke zama wurinsa bayan an tashi. Kawuna ya ce a irin wannan zama ne, wajen asuba, ake jin asalin labarin waƙoƙi: wane ne aka yi wa zambo ba a ambaci sunansa ba, wace kyauta ce ta jawo wane baiti, wane gari ne aka yi musu rowa. Shi Shata ba kowa ke samun zama da shi ba. Makaɗansa kuwa mutane ne kamar kowa, in ka saya musu shayi da burodi kun zama abokai.

Akwai kuma zumuncin su masoyan a tsakaninsu, wanda ni a ganina shi ne mafi daraja a cikin abin duka. Tela daga Kurfi, mahauci daga Dutsin-Ma, malamin firamare daga Safana, direba daga Musawa, ba abin da zai haɗa su a rayuwa in ba wannan ba. Sun san juna a bakin fili, sun kwana a shago ɗaya a garin da ba su da kowa, sun ranta wa juna kuɗin komawa gida. Daga nan aka fara zuwa sunan 'ya'yan juna, aka fara gaisuwar mutuwa, har aka ƙulla aure. Ni da kaina na ga baƙi a jana'izar kawuna waɗanda babu wanda ya san su a dangi, suka ce tare suke bin Shata.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin masu sukar ba ƙarya suka yi duka ba. Ba kowane filin wasa ne wurin da mutumin kirki zai so a gan shi ba. An yi wasanni a kulob da otal inda ake shan giya, kuma Shata da kansa ya yi waƙar da malamai ba su taɓa yafe masa ita ba, wadda aka sani da Sha Ruwa. Akwai magidantan da suka yi liƙi da kuɗin cefane don a ambaci sunansu, suka koma gida hannu rabbana, matansu suka ɗanɗana kuɗarsu. Wannan ɓarna ce, sunanta ke nan. Ƙyamar ma ba daga waje ta faro ba: mahaifin Shata, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, don a wurinsa roƙo ne, kuma ba gadon gidansu ba ne. Yaron da aka haifa a Musawa a 1923 sai da ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi. Amma mu riƙa raba laifin mutum da darajar abin da ya gani. Wanda ya ɓatar da kuɗinsa ya yi kuskure, wannan tsakaninsa da iyalinsa da Ubangijinsa. Abin da kunnensa ya ɗauko kuwa dukiya ce ta Hausawa duka. Kuma mu tuna, wannan Shatan ne dai ya yi Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, shi ne ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan an sauka a wata a 1969, ya kai labarin ga manomin da bai taɓa riƙe jarida ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba ta ba shi digirin girmamawa a 1988 don shashanci ba.

Wannan ɗabi'a ta bin mawaƙi gari-gari ba mu kaɗai ke da ita ba, sai dai wasu sun fi mu sanin abin da za a yi da ita. A Amurka an yi wata ƙungiyar kiɗa mai suna Grateful Dead, wadda ta fara a 1965 ta watse a 1995 bayan mutuwar jagoranta Jerry Garcia. Ta yi wasa sama da 2,300, kuma kamar Shata, ba ta maimaita waƙa iri ɗaya a dare biyu. Dubban masoyanta sun riƙa binta daga jiha zuwa jiha a motocinsu, suna sayar da abinci da riguna a bakin fili don su sami kuɗin mai. Su ma an kira su 'yan iska, kuma su ma a cikinsu akwai masu shaye-shaye. Amma suna shiga da rakoda suna ɗaukar wasan, har a 1984 ƙungiyar ta ware musu wuri na musamman a fili don su yi ɗaukarsu. Suna musayar kaset a tsakaninsu ba da kuɗi ba, kowane kaset da sunan gari da kwanan wata. Yau mafi yawan wasannin nan suna nan a intanet, mutum zai iya zaɓar dare guda na wata shekara ya saurara. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz kuma ta karɓi takardu da kayan tarihin ƙungiyar a 2008, har da wasiƙun masoya. Aikin da ya fi yawa a nan ba kamfani ne ya yi shi ba, ba kuma gwamnati ba. Masu bin ne suka yi.

Namu ma sun yi irin wannan, daidai ƙarfinsu. Da rakoda mai batir ta yawaita a shekarun 1970 da 1980, akwai masu zuwa da ita fili a rataye, su matsa kusa da lasifika. Irin kasakasan nan cike suke da hayaniya, ana jin shewar mata da muryar maroƙi da ƙarar janareto, kuma saboda haka ne ma suka fi na kamfani daraja, don sun kama daren gaba ɗaya. Suna nan a cikin akwatuna da kwalaye a Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu, zafi da ƙura suna cinsu, galibi babu rubutun gari ko shekara a jikinsu. Mai kaset ɗin ne kaɗai ya san inda aka ɗauka. Ranar da ya rasu, magada za su ga tarkace ne kawai, su ba yara su yi wasa da zaren.

Ba a ce ba a yi komai ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, ciki har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, suka fitar da Shata Ikon Allah, littafin da duk mai son sanin mutumin ba shi da makawa sai ya karanta. Sun yi aikin da ya cancanci godiya. Sai dai littafin tarihin mawaƙi dole ya bi mawaƙin da iyayen gidansa, irin su Habu Kaita da Garban Bichi da sauran waɗanda sunayensu suka zama sunayen waƙoƙi. Mutumin da ke tsaye a bayan fili, wanda ya biya kuɗin mota daga Kurfi kuma ba a taɓa ambatonsa a baiti ko ɗaya ba, shi har yanzu ba a tambaye shi abin da ya gani ba.

Abin da ya ƙara sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, rayuwar da ta haifi irin waɗannan mutane ta yanke a yankinmu. Bin mawaƙi yana buƙatar abu biyu: hanyar da za a bi da dare, da filin da za a taru har asuba ba tare da fargaba ba. Duka biyun sun kuɓuce mana. Kawuna da abokansa sukan taso daga Funtua bayan an tashi wasa, su biyo ta Ƙanƙara da 'Yantumaki su shigo Dutsin-Ma gari bai gama wayewa ba, abin da suke tsoro bai wuce taya ta fashe ba. Yau wane direba ne zai yarda ya ɗauke ka a wannan hanya da tsakar dare? Dajin Rugu, wanda Shata ya yi waƙa da sunansa, yanzu in an ambace shi ɓarayin daji da kuɗin fansa ne ke zuwa zuciya. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, aka kuma taƙaita cin kasuwannin dabbobi da zirga-zirgar babura. Idan ana lissafin asarar waɗannan shekaru, rayuka da shanu da gonakin da aka bari ake ƙirgawa, kuma su ya kamata a fara ƙirgawa. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi: bikin da ake gamawa kafin magariba, makaɗin da ya jingine kalangu ya koma acaɓa, yaron da ya kai shekara ashirin bai taɓa ganin mawaƙi da 'yan amshinsa suna ƙera waƙa a gabansa ba.

Ko da tsaro ya dawo gobe, kuma muna roƙon Allah ya dawo da shi, sana'ar ta riga ta canza. Mawaƙin yau a situdiyo yake aiki da fiyano da kwamfuta, waƙa ta fito a tura ta waya. In an gayyace shi biki, sau da yawa waƙar da aka riga aka ɗauka ake sakawa yana bi da baki. Ban raina su ba. A cikinsu akwai masu fasaha ta gaske, kuma jiharmu ba ta daina haifar mawaƙa ba. Amma wanda wasansa na Katsina da na Kano abu ɗaya ne, babu dalilin da zai sa a bi shi daga Katsina zuwa Kano. Shata ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne. Barmani Choge ta Funtua ta bi shi a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wanda yake ɗan shekara talatin lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 yau ya doshi saba'in. Waɗanda suka ga Shata a ganiyarsa sun girme shi.

Shi ya sa nake kallon Dutsin-Ma musamman. Gari ne mai manyan makarantu biyu: Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, kuma ga abin rubutu nan zaune a kan benci a ƙofar shagon tela, tafiyar minti kaɗan daga makaranta. Aikin ba ya buƙatar kwangila. Wayar da ke hannun ɗalibi ta isa ɗaukar hira. Rakoda mai lafiya guda ɗaya da igiyar da za ta haɗa ta da kwamfuta sun isa a juye kaset. Abin da ake buƙata shi ne malamin da zai tsara aikin, da ɗakin karatu da zai karɓi abin da aka tara ya adana shi da sunan wanda ya bayar, a kuma mayar wa mai kaset da kayansa tare da kwafi a katin waya, don mutanenmu sun gaji da masu karɓar abu su tafi da shi. Masarauta ma tana da rawar takawa. In 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi suka sa baki, dagatai da masu unguwa sun san gidan da akwatin kaset yake, kuma dattijon da yake jin nauyin a san ya taɓa bin makaɗa zai saki jiki ya yi magana.

Wannan jin nauyin shi ne babban shinge, kuma dole mai tambaya ya san da shi. Da yawa daga cikin mutanen nan yanzu alhazai ne, wasu ladanai, wasu masu jikoki a Islamiyya. Ba za su so a tsayar da su a gaban jama'a a ce su ba da labarin kulob ba. A same su a gida, a gaishe su yadda ya kamata, a bar wanda ba ya son a ambaci sunansa ya ɓoye shi. A kunna musu kaset a bar su su tsayar da shi inda suka ga dama. A tambaye su wane gari ne wannan, bikin wa ake yi, damina ce ko rani, wa ke mulki a lokacin, muryar wane maroƙi ce wannan, nawa ne kuɗin mota daga Kurfi, a ina aka kwana. Kada a manta da mata, domin su ma sun cika filayen nan, kuma abin da suka gani daga inda suke zaune ba shi ne maza suka gani ba. A fara da makaɗa da 'yan amshin da suka rage da rai, ko na Shata ko na ƙananan mawaƙan da suka yi yawo a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi ba tare da rediyo ta taɓa ɗaukarsu ba, sannan a bi da masoyan da suka fi tsufa, kafin a zo kan masu sauran ƙarfi.